Mayafin Ulu a Ɗakin Amana

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin nan ta watan Safar na shekarar 1373 ba, har sa'ar da abin ya fara lalacewa ina riƙe da ita: ƙarfe uku da kwata na safe. A agogon Makka na wancan zamani ke nan, wanda ake fara ƙirgawa daga faɗuwar rana. A irin wanda ke ɗaure a hannunku yanzu, wajen tara da kwata ne. Na san lokacin ne domin ƙa'idar aikinmu ce a rubuta sa'a a saman shafi kafin a karanta shi a gaban shaidu. Na ɗaga kai na dubi agogon bango, na rubuta, sannan na karanta wata kalma da ba ni da hurumin rubuta ta tun farko.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Gidanmu a unguwar Utaibiyya ta Makka yake. Mahaifina, Malam Habu, ɗaurin littattafai ne sana'arsa, kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa ya zo hajji bai koma ba. Ni kuwa ɗaliba ce a gidan Inna Dije, faƙihar unguwarmu, wato malamar da ke koya wa yara mata karatu da rubutu a cikin gidanta. Ita ce ta kai sunana da aka zo neman mai rubutu a wani rubaɗi da ke Misfala. Ta ce musu hannuna yana da tsabta, bakina kuma ba ya yawo. Gaskiyar magana, bakina ko buɗewa ba ya yi. In baƙo ya yi sallama a gidanmu, bayan randa nake komawa da littafina. Wuri ɗaya ne muryata ke fita sosai, shi ne in an ɗora mini rubutu a gaba an ce karanta.

Ga waɗanda ba su riski irin waɗannan gidaje ba, rubaɗi gida ne na wakafi da wani mai hali ya gina don tsofaffin da suka zo hajji suka rasa hanyar komawa. Namu na mata ne zalla, yawancinsu mutanen Buhara da ƙasashen da ke ƙarƙashin Rasha. A sama akwai Nazir, mai kula da wakafin, wanda ba ya wuce zaure, ta bayan labule muke magana da shi. A ciki akwai Shaiha, shugabar matan gidan, Sitti Halima. Sai katiba, wato ni.

Babban aikina ɗakin amana ne. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin bene inda matan ke ajiye abin da suke tsoron ya ɓace: takardu, likkafanin da aka jiƙa da zamzam aka shanya, Alƙur'anin gado. Kowane ƙunshi yana da layinsa a daftari, kowane layi yana da gurbi biyar: sunan mai ajiya, siffar kaya, sunan mai kaya idan ba na mai ajiyar ba ne, ko mai kayan yana raye ko ya rasu, sai wurin dangwala yatsa. Shafukan duk da lamba da hatimin Nazir. Ba a yagewa, ba a kankarewa. In an gama rubuta layi, katiba ta karanta shi da ƙarfi a gaban mai ajiya da shaidu biyu, sannan a dangwala.

A farkon Safar ɗin nan, bayan alhazai sun watse gari ya yi shiru, Nazir ya aiko da umarni. Ɗakin ya cika, asu ya fara cin wasu ƙunsasan. Ya ce a sake rubuta komai a sabon daftari, duk kayan da mai shi ya rasu kuma ba a san magajinsa ba a fitar da shi ranar Alhamis ta ƙarshen wata, a kai haraj, kasuwar gwanjo, abin da aka samu ya shiga hidimar gidan. Umarnin bai saɓa wa hankali ba, ni ma na ga dacewarsa.

Ina cikin kwana na huɗu da fara aikin na iso kan wani ƙunshi mai ƙamshin kafur. A tsohon daftari an rubuta, "Kayan Gulsum," shi ke nan. Na aika aka kira ta.

Hala Gulsum, haka kowa ke ce mata, Batatariya ce daga wajen Kazan, gajeriya, fara, ta kusa saba'in. Ita ke da samawar, tukunyar shayin nan ta tagulla mai wuta a cikinta, don haka kullum da hantsi a ƙofar ɗakinta tsofaffin gidan ke taruwa. Larabcinta a karye yake, amma ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ta kwance ƙunshin da kanta. Farin mayafin ulu ne, mara nauyi, saƙarsa kamar gizo ya yi ta. Na ɗauki alƙalami zan rubuta sunanta a gurbin mai kaya, sai ta dafa hannuna.

"Ba nawa ba ne, 'yata. Riƙo aka ba ni."

Na tambaye ta na wane ne. Ta ce na 'yar Sarkin Rasha ne, ta uku a cikin 'ya'yansa mata huɗu. Ta faɗi sunan, na rubuta yadda kunnena ya ji.

Ashe duk gidan an san labarin, ni ce baƙuwa. Har suna suka sa mata, Uwar Gimbiya. In ta daɗe ba ta fito da shayi ba, wata tsohuwa 'yar Andijan takan ɗaga murya ta ce ko gimbiya ce ta aiko a kai mata mayafinta. Ita kuma ta ce ai gimbiya za ta aiko, su dai su ci gaba da shan shayinta a banza kafin nan. Ni ban yi dariya ba, domin ina da gurabe da zan cike. Na zauna na saurare ta har azahar.

Ta ce mijinta yana cikin masu kai abinci a fadar sarkin da ke wajen babban birni. Suna son ɗaukar Tatar a wannan aiki saboda ba sa shan giya. Ita kuma aka sa ta a ɗakin wanki da gyaran tufafi. A ƙarshen sanyin shekarar da aka yi juyin juya hali a ƙasar, birni ya rikice, mutane suka fito suna neman burodi, sojoji suka ƙi harbinsu suka koma bayansu. Sarki ba ya gida. 'Ya'yansa kuma ƙyanda ta kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, ɗakunansu a rufe, labule a sake. Ana cikin haka aka yanke wutar fadar da ruwanta. A ranar ne yarinyar, wadda ita ce ƙyandar ba ta kai ga kamawa ba tukuna, ta sauko da kanta ɗakin gyara da mayafin a hannu, ƙusa ta ja shi ya yage a gefe. Ta ce na kakarta ne, a taimaka a cike mata wurin. Hala Gulsum ta ce ɗakin ya yi duhu, ba ta ganin zare. Sai ta nemi izini ta tafi da shi masaukinsu a cikin gari, inda take da taga mai haske.

Kwana biyu ta yi tana cike wurin. Kafin ta dawo, labari ya zo sarki ya sauka daga mulki, ba a jima ba aka sa sojoji a ƙofa. Wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje. Sau shida ta je ƙofar da mayafin a ƙirjinta. Na ƙarshe wani soja ya nuna mata bakin bindiga ya ce yanzu ba gimbiya a ƙasar, ta je ta yafa abinta. Da damina aka ɗauke iyalin aka yi gabas da su a jirgin ƙasa. Daga nan sai yaƙi, sai yunwa, mijinta ya rasu a hanya. Ta bi ayari zuwa Tashkand, ta ƙetara Kabul, ta shekara bakwai tana wanki a Bombay kafin ta sami jirgin Jidda. A hanya ta sayar da zobenta, da takalmanta na fata, da bargonta. Mayafin bai taɓa zuwa kasuwa ba, bai kuma taɓa hawa kafaɗarta ba.

Da na zo gurbin siffar kaya, na so in rubuta inda gyaran yake. Na juya mayafin a hasken ƙofa sau uku ban gani ba. Ta kama ɗan yatsana ta ɗora a wani gefe, ta ce nan ne. Ko da ta nuna, ban ji bambanci ba. Ta yi murmushi irin na wanda aka yaba wa aikinsa ba tare da an ce komai ba.

Saura gurbi ɗaya. Na ce, "Ya Hala, mai kayan tana raye?"

Ta ce duk shekara tana tambayar alhazan da suka biyo ta Istanbul ko ta Kabul. Wasu su ce an kashe su duka, wasu su ce 'yan matan sun tsira, har an ga ɗaya a wata ƙasa. Ta ce ita ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, Allah ne masani. Aka kira sallah, na bar gurbin a buɗe, muka tashi.

Gurbi a buɗe yana damuna, har yanzu da tsufana. Da na koma gida da la'asar na shiga ɗakin aikin Baba na fara bincike a littattafan da aka kawo masa ɗauri. Akwai wani na tarihi, bugun Masar, bangonsa ya rabu. A cikinsa na sami babin faɗuwar gidan sarautar Rasha, na karanta shi a tsaye. Ya ce a bazarar shekarar da ta biyo an tara su a wani ɗakin ƙasa na gidan da aka tsare su, sarki da matarsa da 'yan mata huɗu da ɗan autansu mai ciwo, da likitansu da barori uku da suka ƙi rabuwa da su, aka harbe su gaba ɗaya. Na kwafe shafin da hannuna harafi bayan harafi. Ina jin kunyar faɗa, amma abin da na ji a zuciyata a lokacin daɗi ne, daɗin ɗalibar da ta samo amsar da ta gagari manya.

Da safe, kafin kowa ya shigo, na cike gurbin: ta rasu.

Sitti Halima da 'yar Andijan ɗin nan ne shaidu. Na rubuta ƙarfe uku da kwata, na karanta layin da muryata ta karatu. Da na zo kan kalmar, Hala Gulsum ta ɗago kai ta tambaye ni wa ya gaya mini. Nan ne ya kamata in tsaya. Maimakon haka na zaro takardar daga aljihuna na karanta mata shafin duka, a hankali, ina fitar da kowane harafi don ta gane, har da ɗakin ƙasan, har da adadin waɗanda ke ciki. Ban ɗaga ido ba sai da na kai aya.

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko a cikin barorin akwai mace. Na duba na ce akwai ɗaya, mai yi wa sarauniya hidima. Ta gyaɗa kai ta ce ta san ta, doguwa ce, tana yawan kawo musu matasan kai a sake musu riga. Sai ta ce, ba da ni take ba, da tagarsu ta gari ba ta da haske da tana ciki. Sitti Halima ta miƙa mata tawada don ta dangwala, ba ta taɓa ba. Ta naɗe hannuwanta a cikin baƙin mayafinta.

"To wa zan mayar wa?" in ji ta.

'Yar Andijan, mai tsokanar nan, ita ce ta kama ta ta raka ta ɗaki.

Sai bayan sun fita Sitti Halima ta nuna mini abin da na yi, da ɗan yatsa a kan layin. Mai kaya ta rasu, ba a san magaji ba. Bisa umarnin Nazir, mayafin ya shiga jerin kayan haraj, kuma saura kwana goma Alhamis ɗin ta zo. Da na bar gurbin yadda mai ajiya ta faɗa, "ba a sani ba," da ƙunshin ya koma kan kantarsa. Abin da matar nan ta riƙe shekara talatin da shida, ta ƙetara ƙasashe huɗu da shi, ni na fitar da shi daga hannunta da kalma ɗaya, zai tafi gwanjo tsakanin tsofaffin tukwane da katifu.

Washegari ba a hura samawar ba. Rana ta biyu ma haka. Tsofaffin suka riƙa zama a ƙofar ɗakinta ba shayi, suna magana ƙasa-ƙasa. Hala Gulsum takan ci loma biyu ta tamis, gurasar nan ta mutanen Buhara, ta ture sauran. Duk wadda ta shiga gaishe ta sai ta yi mata tambayar nan, wa za ta mayar wa. Wata ta ce ta yi haƙuri, wata ta ce ai kayan kafirai ne, ba komai a kanta. Ta ce wa wannan ta biyun, lokacin da aka miƙo mata shi ba a ce mata riƙe in addininmu ɗaya ba, riƙe kawai aka ce. Abin da take tsoro, kamar yadda ta gaya wa Sitti Halima, shi ne ta mutu a tashe ta a tambaye ta ina kayan mutane, ta ce an sayar a haraj.

Ran Laraba na tattara ƙarfin halina na je bayan labule. Ban taɓa fara yi wa Nazir magana ba, kullum shi ke tambaya in amsa. Na yi sallama sau biyu kafin ya ji. Na yi masa bayani. Mutum ne mai adalci, amma mai bin rubutu. Ya tambaye ni me daftari ya ce, na ce ya ce ta rasu. Ya tambayi wanda ya rubuta, na ce ni.

"To ya katiba, ni daftari nake bi. In na bar wannan saboda kuka, gobe kowace tsohuwa za ta zo da nata kukan. Kawo mini hujja, ba hawaye ba."

A gida na kasa cin abinci, har Baba ya lura. Yana shafa ƙullu a bangon wani littafi na ba shi labarin tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni da Hausa, don in magana ta yi nauyi Hausa yake komawa, wa ya shaida mini yarinyar ta mutu. Na ce littafi.

"Littafin ya zo ya dangwala yatsa?"

Ya ce bai ce littafin ƙarya ya yi ba, mai yiwuwa gaskiya ce tsantsa, shi ma haka ya ji daga masu karatu. Amma gurbin nan ba don abin da katiba ta sani aka buɗe shi ba, don abin da mai ajiya ta faɗa ne. Ya ce kuskurena biyu ne, na daftari da na baki. Na daftari yana da magani in na yarda in rubuta laifina da hannuna. Na baki kuwa ya fi ƙarfinsa, in je wurin wadda ta koya mini karatu da ƙarfi.

Inna Dije ta haura tamanin, idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na durƙusa a gabanta na faɗi abin da na yi. Ta ce, "Ɗiyata, na koya miki fitar da harafi, ashe ban koya miki haɗiye shi ba." Sai ta ce a nemo mata jaki ranar Asabar.

Kafin Asabar na yi nawa. Na ɗauko tsohon daftari na karanta sharuɗɗan wakafin da ke shafin farko, waɗanda ban taɓa kula da su ba don rubutun ya dushe. Sharaɗi na huɗu ya ce duk wadda ta ajiye abu da hannunta, tana da ikon karɓarsa da hannunta muddin tana raye. Sannan na buɗe sabon daftari, a gefen layin Hala Gulsum na rubuta da ƙananan haruffa: "Kalmar 'ta rasu' katiba ce ta ɗauko ta daga littafi, ba daga bakin mai ajiya ba. Abin da mai ajiya ta faɗa shi ne, Allah ne masani." Na sa sunana. A shekara arba'in da ɗaya da na yi ina wannan aiki, shi ne gyara na farko a gefen shafina, kuma duk mai buɗe daftarin nan zai gan shi.

Ran Asabar da hantsi Inna Dije ta sauka a ƙofar rubaɗi. Ba ta nemi labule ba, ta zauna a zaure a kan tabarmar Nazir. Ashe Nazir yana ɗan shekara biyar a gidanta ya fara alifun cikin 'yan mata, lokacin da take zaune a Misfala. Ya tashi ya sumbaci kanta. Ta tambaye shi ko har yanzu yana cin farce in an matsa masa, ya yi dariya ya ɓoye hannunsa a hammata. Daga bayan labule na karanta gyaran da sharaɗi na huɗu. Ya sa aka miƙa masa daftarorin biyu ya duba da idonsa, ya daɗe a kai. Ya ce hujja ta zo. Layin bai kammala ba tunda ba a dangwala ba, mai ajiya tana raye, ta karɓi kayanta. Ya buga hatimi a ƙarƙashin gyarana, ya ƙara da cewa kada a sake.

Ni na ɗauko ƙunshin na kai ɗakin Hala Gulsum, Inna Dije tana dafe da kafaɗata. Mun same ta a kwance ta juya wa ƙofa baya. Na ajiye shi a gabanta na ce na yi kuskure, ta yafe mini. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ta tashi zaune ta ɗora hannu a kan ƙunshin, ta ce ba ƙarya na yi mata ba, ta daɗe da sani a can ƙasan zuciyarta, ba ta dai so a karanta mata ba. Sai ta juya ga Inna Dije ta maimaita tambayarta.

Inna Dije ta miƙa hannu. Ta ce a ba ta mayafin. Ta bi gefensa da yatsu a hankali, can sai ta tsaya, ta ce nan aka gyara. Daidai wurin da na kasa gani da idona biyu. Hala Gulsum ta ce nan ne. Inna ta ce wanda ya yi wannan aiki bai ha'inci mai kaya ba. Daga nan ta yi mata bayani yadda malamai suka faɗa: in mai kaya ya mutu, aka yi iyakar nema ba a kai ga magadansa ba, mai riƙo ya fitar da abin da hannunsa ga mabukaci a madadin mai shi, da niyyar in wani mai haƙƙi ya bayyana zai gaya masa gaskiyar inda ya tafi. Ta ce ba Nazir ne zai fitar ba, ba katiba ba, ita aka miƙa wa, ita za ta miƙa.

Haka aka yi. Bayan mako biyu Hala Gulsum ta ba da mayafin ga wata yarinya marainiya mai ciwon ƙirji da za a kai Ɗa'if jinya, inda sanyi yake. Ita ta yafa mata shi a ƙofar rubaɗi, ta gyara mata gefen. Na rubuta sa'a, na rubuta abin da ta faɗa, ta dangwala. Samawar ta koma aiki. Ta ƙara shekara biyu da wani abu a duniya, kuma ban sake jin an kira ta Uwar Gimbiya ba.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, kuna da na'urori da ke samo muku labarin kowa kafin ya gama zama a kujera. Ba na ce ku ƙi sani ba. Ni ma ban daina karatu ba, littafin nan na Masar ma sai da na karance shi duka. Abin da na koya a ranar Litinin ɗin nan shi ne, gurbin da ke gabanka na mutumin da ke zaune ne, ba naka ba. Ka rubuta abin da ya faɗa. In ka san wani abu da bai sani ba, ka ajiye alƙalami tukuna ka dubi fuskarsa, ka tambayi kanka ko a gaban shaidu ya kamata ya ji shi, da muryar karatu. Na kuma koyi cewa mutanen da ke kawo mana ƙunshi ba kaya suke ajiyewa ba kawai. Sau da yawa abin da ya tsayar da su a ƙafafunsu ne suke miƙo mana mu ɗora a kanta.

Akwai magana ɗaya da ta rage daga ranar Asabar ɗin, wadda ban rubuta a daftari ba don ba ta da gurbi. Mun miƙe za mu fita, Hala Gulsum ta riƙo gefen zanen Inna Dije. Ta ce yarinyar ba Musulma ba ce, da gicciye a wuyanta ta sauko ɗakin gyara. In ta bayar a madadinta, zai kai gare ta?

Inna ta lalubo hannunta ta riƙe.

"'Yar'uwa, wannan ba ni ke rabawa ba, ba ke ba ce kuma. Yana wurin Mai shi. Ke ba za a tambaye ki inda ya kai ba. Za a tambaye ki ko kin riƙe, kin kuwa riƙe. Tashi ki hura mana wuta mu sha shayi."